Ja, Fari, Rawaya

A Recife, a hawa na uku,
Jussara ta tsuguna bayan talabijin,
wayoyi uku a tafin hannunta:
ja, fari, rawaya.
Kawunta ya aiko da na'urar wasan daga Japan,
can inda yake ɗinkin kujerun mota.

Ta cusa rawaya a ramin rawaya.
Hoto ya fito toka-toka,
kamar an jiƙa shi a ruwan wanki.
Filin ƙwallo ba tsanwa,
'yan wasa duk riga ɗaya,
ba ka gane naka balle na abokin hamayya.

Ta zare, ta hura, ta mayar.
Ta mari gefen akwatin.
Hoton ya yi rawa, ya koma jiya-i-yau.

Tsoho Valdomiro na ƙasan bene,
mai gyaran rediyo, tabarau a kan hanci,
ya hawo yana haki.
"Yarinya, ba abin da ya lalace.
Yare biyu suke yi.
Sun iya gaisawa,
amma launi bai tsallako teku ba."

Ya buɗe cikin na'urar, ya narka dalma,
ya dasa wani abu kamar ƙwayar shinkafa.
Ƙauri ya cika ɗaki.

Kore ne ya fara zuwa,
a hankali, kamar tsiro bayan ruwan fari.
Sai shuɗi.
Ja kuwa faɗowa ya yi gaba ɗaya.

Jussara ba ta danna komai ba.
Waya ta ɗauka, ta kira Japan,
inda gari bai waye ba tukuna.