Safar Hannu

Ruwan Agusta ya tsare mu a shago,
layin Dilimi ya zama rafi,
ba mai saye, ba mai tayawa.
Mudassir ya buɗe littafin jami'a
bisa buhun gajiji,
ya ce, Umma, saurara, wannan naki ne.

Wai shekara ɗari biyar baya,
zamanin da Turawa ke kira farfaɗowa,
annoba ta sa sun tsorata da wanka,
sun ce ruwa ke buɗe wa ciwo ƙofar fata.
Sai attajiri ya rataya 'yar ƙwallon azurfa a wuya,
cikinta almiski da kanumfari,
yana shinshina, yana ƙetare gawa.

Na ce, Allah Sarki. Ci gaba.

Wai akwai gari a kudancin Faransa,
garin majema,
ɗoyinsa ke riga ƙofa tarbar baƙo.
Safar hannu suke ɗinkawa, ta fata mai laushi,
matan fada na so, hancinsu na ƙi.
Sai aka shuka fure a bayan gari,
aka jiƙa fata da man furen lemo da jibda.
Sannu a hankali jima ta ja baya,
ƙamshi ya ci gari.

Nan na ajiye mazurari.

Yaro bai san kakansa ba.
Jatau majemi, can Gangare,
hannu ya rine har gwiwa da ruwan bagaruwa,
toka ta kwana a farce.
In ya shiga sahu, na kusa kan muskuta.
A makaranta sunana 'yar wari.
Ranar Juma'a yakan ɗauko wata kwalba
da ba ta kai ɗan yatsa ba,
ya ɗiga ɗaya a tafi, ya murza,
ya shafa mini ragowar a kallabi.
Turaren bai kori warin ba.
Zama suka yi tare,
kamar maƙwabtan da suka gaji da faɗa.

Shekara talatin ina haɗa humra.
Kasuwa ta ƙone da kwalabena, na sake lale.
Amare na cewa hannuna daban ne,
ban taɓa gaya wa kowa
abin da nake nema a gindin kwalba ba.
Sandal na da kyau, ambar na da kyau,
amma turaren da ba dabba a ƙarƙashinsa
miya ce ba daddawa.

Mudassir ya ce, har jibdar ma
wata daga nahiyarmu ake kai musu.
Na ce, to, mai kama judar,
mai jeme fatar,
sunan wa aka rubuta?
Ya duba. Ya juya shafi. Ya sake juyawa.

Ruwa ya tsagaita.
Duwatsu sun saki ƙamshinsu na kyauta.
Wata mata ta leƙo, lemarta na ɗiga,
ta ce a ba ta wanda zai daɗe a jiki.
Na miƙa hannu can bayan kanta,
inda nake ajiye mai ɗan wari.