Kundin da Ya Ƙi Zama a Kanta

Leiden, hunturun da magudanan gari suka daskare.
Kwana tara da binne Shehun Malami Ouwater
aka kira ni in lissafa littattafansa kafin gwanjo.
Matarsa Lijsbet ta miƙo mini mabuɗi da kyandir biyu,
ta ce, "Shi ya san tsarinsu. Ni ƙurarsu na sani."

Tsarin na nan, ya zana shi a bayan ƙofa,
bishiya mai rassa uku.
Ɗaya na abin da aka tuna: sarauta, yaƙi, ambaliya.
Ɗaya na abin da zuciya ta ƙaga,
ya ba shi kanta guda can ƙasa, inda danshi ke ci.
Na tsakiya, mai kaurin, na hankali ne,
shi ya ɗauki Mahalicci, da halitta, da ɗan Adam.

Na bi sawu.
Taurari na sama, sai da tsani.
Maganaɗisu, gishiri, ƙwaron da aka leƙa ta gilashi,
kowa da mazauninsa.
Mutum kuwa an ɓare shi biyu kamar goro:
ƙashi da jijiya a bangon gabas, kusa da karnukan da aka feɗe,
fushi, alkawari da shari'a a bangon yamma.
Taku bakwai ne tsakani. Na auna.

Rana ta huɗu, bayan littafin cikar teku da janyewarsa,
wani kundi ya faɗo, ba suna, ba lamba.
Hannunsa ne, ƙanana kamar sawun tururuwa.

"Talata. Bugun jijiyar Neeltgen, ɗari da sha biyu
a juyin kwalbar yashi guda. Iska daga yamma.
Laraba. Ɗari da ashirin. Ruwan sha'ir, cokali uku.
Alhamis. Ta tambaya ko agwagi na jin sanyi a ƙafa
in sun tsaya kan ƙanƙara.
Na ce zan duba."

Juma'a ba ƙidaya.
Sai layi ɗaya: "Jiki agogo ne."
Ya soke. Ya sake rubutawa. Ya soke,
har alƙalami ya huda takarda.
A shafin ƙarshe, manne da kaki, silin gashi.

Na kai shi gabas, ai akwai zazzaɓi, akwai lissafi.
Bai zauna ba.
Na kai shi yamma, wajen masu bayanin baƙin ciki babi-babi,
sai na ji kunyarsu.
Tarihi? Wa ya ci wani gari a ciki?
Na tsaya a tsakiya, taku uku da rabi,
kyandir na ɗiga mini a yatsa.

Quirijn dillali ya leƙo, ya ce, "Jefa shi a tarkace. Kwabo biyu."

Na kai wa Lijsbet a madafa.
Ba ta karanta Latin. Ta shafa gashin da babban yatsa,
ta daɗe.
Sannan ta ce, "Maganar agwagin fa, ya samo?"

Littafi ɗari tara da sha ɗaya na lissafa a gidan nan.
Na ce mata ban gani ba.

A jerin gwanjo na bar lamba guda ba komai a gabanta.
Mai ɗab'i ya aiko yaro ya tambaya ko mantuwa ce.
Na ce a buga haka.