Jar Mota Mai Ja

A garejin Ottavia, bayan garin Modena,
ruwan sama na ƙwanƙwasa rufi.
Ermanno ya ajiye makulli a kan benci:
"Makon jiya aka saita mata ƙafafu.
Allon kwamfuta duk kore,
amma da na saki sitiyari sai ta nufi dama,
kamar wani na kiranta a bakin hanya."

Ottavia ba ta dubi takardar ba.
Ta durƙusa ta auna iska:
gaba daidai, baya daidai.
Ta fita da ita titin gonakin inabi,
inda kwalta ba ta da doro,
ta saki hannu. Ta ja.
Ta dawo, ta kara bayan hannu kusa da birki,
ko wani ya riƙe ya ɗau zafi.
Babu.

Sai jak.
Tayar dama ta koma hagu,
ta hagu ta koma dama,
noti biyar-biyar, ba magana.

Wannan karon motar hagu ta nufa.

Dariya ta yi kafin ta kashe injin.
"Ba ƙafa ba ce, takalmi ne.
A karkace aka ɗinko shi tun daga masana'anta.
Ido ba ya gani, na'ura ba ta tambaya."

Ermanno ya shafa tayar, sabuwa fil.
Ya daɗe bai ɗago ba.
"Shekarata saba'in da ɗaya," ya ce.
"Na ɗauka hannuna ne ya fara."

Ta miƙa masa kofi.
Ya karɓa da hannu ɗaya,
ko ɗigo bai zuba ba.