Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ni ne mai naɗe wayoyi a ɗakin rediyon jami'a,
nan tsibirin Samar, inda ruwan sama ba ya sallama.
Shekara ashirin da biyu mabuɗin yana aljihuna,
na san kowace makirufo da irin tarinta.

Ran Talata allon yabo ya iso daga Manila,
naɗe cikin tsohuwar jarida, gefe guda ya ɓantare.
Sun rubuta Dalisay Abarquez,
sai dai harafi ɗaya ya faɗi a hanya.
Ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce a ajinsu da an maido wa mai rubutun takardarsa.

Shugaban sashe ya sa kwat cikin wannan zafi,
ya yi jawabi, gumi na bin wuyansa.
Aka tafa. Aka raba soyayyar ayaba.
Ni ina bayan gilashi ina tuna wata rana daban,

ranar da ta fara zama gaban makirufo,
murya kamar ta ɗan tsako da ruwa ya doka,
takarda na karkarwa a hannunta,
ƙarar takardar ta fi labaran fita.
Malama Perpetua Lagunzad ba ta ce uffan ba.
Ta cire tabaraun da na ɗaure mata da waya,
ta goge, ta mayar,
ta ce, "Gobe ki zo ba takarda. Ki zo da kunne."

Shekara uku bayan nan guguwa ta kwashe gaɓar teku.
Dalisay ta sa rikoda a ledar shinkafa,
ta hau kwalekwale zuwa ƙauyen masunta.
Ta iske wata tsohuwa, Ising, tana ɗinke koma,
komar mijin da jirginsa bai dawo ba.
Ta tambaye ta, "Inna, wa kike gyara wa?"

Tsohuwa ba ta amsa ba.
Igiyar ruwa ta zo, ta koma.
Zakara ya yi cara ba a kan lokaci ba.
Allura ta shiga, ta fita, ta sake shiga.
Daƙiƙa goma sha ɗaya, na ƙirga su a na'ura,
kafin ta ce,
"Takalminsa ɗaya ya dawo. Ina jiran ɗayan."

Daren tacewa, yarinya ta kai hannu za ta yanke shirun,
don littafi ya ce iska ba ta zama fanko.
Malama ta ɗora tafinta a kan nata.
"Bar shi. Shiru ma magana ce,
kuma wannan ba naki ba ne balle ki yanke."

Ni kam gabana ya faɗi.
Da aka watsa, mutum uku suka bugo waya
wai injina ya mutu.
Na huɗun bai yi magana ba,
numfashinsa kawai na ji, sai ya ajiye.

Makon nan ita ma Malama an ba ta farfesa.
Wasiƙar tana ƙarƙashin kofin shayinta,
har ta yi zobe ruwan ƙasa.
Rabin kuɗin kyautar ya koma ƙauye,
zaren koma ne da kwano huɗu na rufi.
Ising ta aiko da busasshen kifi,
warinsa ya kwana uku a ɗakin watsa labarai.

Ni na buga ƙusar allon,
daidai inda damshi ya ɓata bango, don ya rufe.
Ya ɗan karkace. Ban gyara ba,
an kira ni:
wani sabon yaro ya zauna a kujerar,
takarda na karkarwa a hannunsa,
Dalisay na tsaye a bayansa
tana jira ya gama.