Littafin Mai Susu

Ni mai susu ne a Aboabo.
Da hantsi nake fita, jaka a hammata, biro a bayan kunne,
in bi layin masu koko, in ɓulla ta masu gawayi,
kowa ta miƙo abin da ta iya, in ja layi a kati.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na san aljihun unguwar nan
fiye da yadda liman ya san zunubinta.

Katin Fulera mai ƙosai duk ɗigon mai ne.
Sidi biyar kullum, ran da aka yi ciniki bakwai,
a samansa ta sa na rubuta: na makarantar Mutaru.
Sau biyu kuɗin na cika,
sau biyu zazzaɓi ya riga makaranta zuwa karɓa.
Mutaru kuwa na ƙarƙashin tebur, shekara uku da rabi,
da tsumman zane a ƙafa, ɗaure, don kada ya kai ga kasko.
Ya iya "nawa-nawa?" da Hausa da Asantanci,
bai taɓa riƙe alli ba.
Akwai tabo a bayan hannunsa, girman pesuwa hamsin.
Ba ma maganarsa.

Ran wata Talata rediyon Baba Sumaila tela ta ce
za a rage wa iyaye kuɗin makarantun ƙanana.
Tela bai ɗaga ƙafa daga keke ba.
Ya ce, "Maganar rediyo hadari ce,
sai ya zuba a randa nake ce masa ruwa."
Fulera ta juya ƙosai, ta yi shiru.
Amma da na ja layi, sai ta riƙe bakin katin:
"Lissafa mini. In gaskiya ne, me zai saura?"
Na lissafa a bayan kwalin ashana.
Ta ce sake. Na sake.

Sai da wata ya mutu, wani ya tsaya,
takarda ta fito a ƙofar makaranta.
Ragin bai kai yadda rediyo ta kururuta ba.
Kuɗin riga na nan, na abinci na nan,
da wani wai na gyaran makewayi
wanda tun ina saurayi ake gyaransa.
Madam Serwa ta ja ni gefe, ita ma tana da kati a wurina,
ta ce yara talatin ta saba da su, yanzu hamsin da huɗu,
benci bai haihu ba,
albashi ko cikin bai ɗauka ba.
Ban da amsa. Aikina jan layi.

Duk da haka, ran Litinin na tarar da ƙarƙashin tebur wayam.
Tsumman na nan a ƙafar tebur, ba kowa a ɗaya bakin.
Fulera na tsame ƙosai tana cewa "matsa baya,"
sannan ta leƙa, ta tuna, ta yi dariya ita kaɗai.
Ta ce in buɗe sabon kati.
Na ce na me?
Ta daɗe tana kallon motocin Kejetiya suna wucewa.
Ta ce, "Sa sunana. Bar wajen dalili tukuna."

Da azahar na biyo, ga Mutaru, riga ta yi masa yawa,
aljihu cike da garin alli.
Ya warce birona, ya ja layi a katin uwarsa,
karkatacce, kamar kwanon da iska ta ɗaga,
ya ce mini wannan ɗaya ce.

A wurinmu layi kuɗi ne.
Da dare lissafi ya ƙi, saura sidi biyar.
Na ɗauko abin sharewa, na ajiye.
Na laluba aljihuna na cika.