Wata Biyar Bayan Allura

Ranar da wa'adin allura ya cika
ban tare ɗan mashin zuwa asibiti ba.
Na naɗe katin, na tura shi ƙasan adaka,
na ce da Sali, Nafi ta shekara huɗu,
bayanta ya isa goyon ƙani.
Ya yi dariya, ya ɗau makullin tirela,
ya kama hanyar Kusiri.

Na zaci ƙofa ce,
ina zare sakata za ta buɗe.

Watan farko nono ya yi nauyi,
ko zane ya goga sai na ciji leɓe.
Bandar kifin da nake kasawa a kasuwar Garwa,
shekara tara muna shaƙar juna,
rannan ƙaurinsa ya juya mini ciki,
na bar faranti, na zagaya bayan rumfa.
Inna Dudu mai daddawa ta dube ni ta ƙasan ido:
"Tabawa, ko an gamu?"
Na ba da sefa ɗari biyar a kantin magani,
na sayo tsinken gwaji.
Layi ɗaya.
Na ajiye shi kan taga har aka kira la'asar,
bai ƙara ko zare ba.

Wata na biyu kai ya rabu gida biyu,
ɓari guda na sara, ɓari guda na kallo.
Ƙuraje suka feso a haɓa
sai ka ce 'yar sha biyar.
Mai kitso ta miƙo mini matsefi ba ta ce komai ba,
na karɓa, na dunƙule gashin a tafi,
na soke shi a ramin katanga.

Sai ɗigo.
Ba ja ba, launin ruwan goro.
Kwana biyu ya ɗauke, na yi wanka, na ta da salla,
da almuru ga shi ya leƙo.
Na tsaya riƙe da darduma,
ban san in shimfiɗa ko in naɗe ba.

Dare kuwa, zafin Garwa daban,
nawa daban, daga ciki yake tasowa.
Mara na murɗa kamar ana matse wanki.
Nafi ta ɓarar da gari cikin ludayi ɗaya,
na daka mata tsawa,
sannan na zauna bakin murhu na fi ta kuka.

Madam Asta ta ɗaura mini awo a dantse,
ta latsa ciki da yatsu masu sanyi.
Ta ce maganin yana janyewa a hankali,
jiki ne ke laluben tsohon takunsa.
Wata mace wata uku, wata har shekara.
In jini ya ɓalle ko ciwo ya ci tura,
kar ki tsaya jiƙe-jiƙe, ki dawo.

Na biyo ta kan gada a ƙafa.
Binuwai ya ƙafe, yashi ya fito fili,
yara na ƙwallo inda kwalekwale ke wucewa.
Ba wanda ya tsaya yana tambayarsa ina ruwa.

Sali ya bugo daga bakin iyaka,
ƙarar injuna na cin rabin muryarsa:
"Ya ake ciki?"
Na ce, ciki dai babu,
ka taho mana da dabino.

Yau da asuba, wata na biyar,
na farka da ciwon baya irin na da.
Ja sosai, ba tantama.
Baƙon da nake yi wa tsaki tun ina budurwa,
yau shi nake yi wa sannu da zuwa.
Na naɗe darduma, na ɗora kan adaka,
na hura wuta, na dama kunu mai yaji.
Inna Dudu za ta tambaya.
Sai ta sayi kifi tukun.