Matar Mai Burodi a Trabzon

Shekara talatin da takwas
Hulusi yana riga ladan tashi,
ya gangara layinmu da tocila a hannu,
ya hura tanderu.
Rabin yaran unguwar nan da burodinsa suka yi ƙwari.
Ni kuwa da ƙamshin rigarsa nake sanin gari ya waye.

Sai ƙishirwa ta sallamo.
Kofi biyar a dare, gora a gefen gado,
tafin ƙafa na tsikari kamar ya taka gidan cinnaka.
Likita ta juyo mana da takarda,
ta ɗora yatsa a kan lamba: ɗari uku da goma.
Ta ce, "Baba, magani zai yi nasa,
amma burodi, shinkafa, sukarin shayi,
sai mun ja musu linzami."
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
ya ce, "'Yata, kin ce wa kifi ya rage ruwa."

A mota ba wanda ya ce uffan.
Teku yana hannun damanmu, baƙi wuluk, bai san ana yi ba.

Daren nan na buɗe kabad na tsaya.
Taliya. Fulawa. Dankali.
Zumar da ƙanwarsa ta aiko daga kan tsauni.
Duk abin da na saba nuna ƙauna da shi
ya koma abin tuhuma.
Na zauna a ƙasa na yi kukana, na ƙoshi,
na tashi na wasa wuƙa.

Farkon abin ba daɗi, kada in yi ƙarya.
Na goga farin kabeji ya yi tsaki-tsaki,
na turara, na ce masa shinkafa ce.
Ya ɗanɗana, ya dube ni ta saman tabarau:
"Melahat, ni ban taɓa tauye miki mudu ba."
Tun ranar na daina laƙaba wa abinci sunan da ba nasa ba.

Kabeji ya tsaya a kabejinsa,
baƙin nan na tsaunukanmu, da tafarnuwa da ɗan man shanu.
Ƙananan kifin hunturu, na bar barbaɗa musu garin masara,
na jera su da albasa da lemon tsami, na tura tanda.
Gasasshen yalo a cikin kindirmo.
Da safe ƙwai biyu, cuku, tumatir,
zaitun bakwai, yana ƙirga ƙwallayen a bakin faranti.
Shayi a ɗan kofin gilashi, ba sukari,
amma har yau yana juya cokali a ciki,
wai ƙarar ce ba zai iya bari ba.

Ya taɓa yin sata.
Na ga riɗi guda uku a gashin bakinsa, na kau da kai.
Ɗigon jinin yatsarsa ne ya kai ƙara:
ɗari biyu da arba'in.
Ya daɗe yana kallon na'urar
kamar maƙwabcin da ya ba da shaida a kansa.

Yanzu bazara ta biyu ke nan.
Bel ɗinsa ya ci rami uku.
Har yanzu shi ke hura tanderu,
shi ke miƙa wa mutane abin da ya fi ƙarfinsa, da zafinsa, a takarda.
Likita ta bar masa yanki ɗaya na alkama mai dusa,
bai kai tafin hannuna ba.
Ba ya taɓa shi sai ya gama da ganye da kifi,
sannan ya gutsura, ya lumshe ido.

Jiya ya ce, "Kin san wani abu?
Duk shekarun nan ina gasa shi,
sai bana na ji ashe gishirinsa ya ɗan yi yawa."

Na ce, "Tashi mu taka bakin teku kafin magariba."
Ya lashe yatsa, ya tsince ɓarɓashin da ke kan tebur,
sannan ya nemi takalminsa.